Yadda Za Ki Ɓoye 'Yarki Har Ki Samu Gurbin Karatun Lissafin Muhalli

"Mama, yau ni 'yarki ce ko 'yar maƙwabta?"

Lauya ce ta yi tambayar, yarinya 'yar shekara biyar da aka laƙaba wa sunan saboda ba ta barin magana ta wuce ba ta bi diddiginta ba. Kuma ba a gida ta yi ta ba. A gaban tagar akawun sashen karatun gaba da digiri ta yi ta, da muryar nan tata da ake ji daga bakin titi, daidai lokacin da uwarta ta miƙa hannu za ta karɓi fom. Akawun ya leƙo ta saman tabarau, ya dubi yarinyar, ya dubi uwar, ya ga hanci ɗaya, goshi ɗaya.

"Malama, maƙwabtan naku dangi ne?"

Maman Lauya ta ce, "Unguwar tamu haka take. Duk mun yi kama."

To 'yar uwa, in kina da digiri na farko a lissafi, kina da ƙaramin yaro a gida, kuma ranki ya biya da digiri na biyu a lissafin muhalli, gyara zama. Lissafin muhalli shi ne karatun da ake ɗaukar ruwan sama da hayaƙi da kogi a mayar da su lissafi a cikin kwamfuta, domin a faɗi abin da za su aikata tun kafin su aikata. Ga matakai bakwai, kuma nasara tabbas ce. An gwada su a kan mace ɗaya, Maman Lauya, ta kuma samu gurbi. Ɗari bisa ɗari ke nan. Duk masanin ƙididdigar da ya ce miki mutum ɗaya bai isa hujja ba, hassada ce ke damunsa.

Mataki na ɗaya: Nemi yayar da ta san komai

Kada ki ɓata lokaci kan sharuɗɗan da jami'a ta liƙa a allo. Kowa na iya karanta su: digiri mai daraja ta biyu ko sama, cikakkiyar takardar sakamako, wasiƙun shaida biyu daga tsofaffin malamai, bayanin manufa, samfurin aiki, sai ganawa da kwamiti. Waɗannan na gama-garin masu nema ne. Ke sharuɗɗan da ba a rubuta ba kike buƙata, su kuwa sai a bakin yaya.

Yayar Maman Lauya tana da shagon buga takardu a bakin ƙofar jami'ar. Shekara goma sha biyu tana buga kundin binciken mutane. Ba ta taɓa zama a aji ko ɗaya na ciki ba, amma ta san malamin da ke son tazara biyu tsakanin layi, ta san wanda ba a gaishe shi sai ya sha shayi.

"Auta, buɗe kunnenki," in ji ta, hannunta bai bar kan madannai ba. "Mutanen nan in suka ji ƙamshin hodar yara a jikin fom, ƙasan tari yake komawa. Karatun naku akwai aikin fili na mako shida a bakin kogi. Akwai halartar aji kashi tamanin cikin ɗari. Suna ganin uwa sai su ga zazzaɓi, su ga ranar rigakafi, su ga kujera ba kowa."

"Yaya, wa ya faɗa miki?"

"An faɗa."

Kada ki kuskura ki tambayi ko wane ne "an" ɗin nan. Shi ne mutum mafi ilimi a duk jami'o'in duniya, kuma ba ya son a ambaci sunansa.

A shafi na uku na fom ɗin akwai tambaya: shin akwai wani nauyi a kanki da zai iya hana ki aikin fili? Maman Lauya ta daɗe da biro a sama. Nauyin yana ƙarƙashin tebur a lokacin, yana cire wa Yaya igiyar takalmi. Ta rubuta "Babu". Ki yi yadda ta yi, amma ki rubuta da sauri.

Mataki na biyu: San dalilinki, sannan ki binne shi

Bayanin manufa kalma ɗari biyar ne, inda za ki faɗa wa kwamiti abin da ya kawo ki. Hatsarin da ke cikinsa shi ne gaskiya takan so ta shigo.

Ga abin da ya kawo Maman Lauya. Gidansu a gangare yake, da shagon mijinta mai gyaran firiji a gaba, da lambatu a baya. Da can lambatun tafiyarsa yake, bai kula kowa. Sai aka share filin da ke sama da su, aka malala masa siminti, aka mai da shi wurin ajiye motoci. Ruwan da ƙasa ke shanyewa ya rasa mai shan sa, ya biyo gangare yana neman masauki.

Wata rana da la'asar, Lauya na da shekara biyu da 'yan watanni, uwar na ɗaki tana guga, ruwa ya tsinke. Kafin ta zare waya ta fito, tsakar gida ta zama tafki. Ta tarar da yarinyar tsaye a kan bokitin wanki da aka kife, ruwa na zagaye shi, takalminta ɗaya na ficewa ta ƙarƙashin ƙofa. Ba ta yi kuka ba sai da aka ɗauke ta.

Washegari Maman Lauya ta je ofishin masu kula da magudanan ruwa. Injiniyan da ta samu ya saurare ta har ƙarshe, ya ma ba ta kujera. Ya ce, "Malama, na tausaya. Amma ba a fasa titi a faɗaɗa lambatu saboda takalmin yarinya. Kawo mini lissafi: ruwa nawa, a minti nawa, shekara biyar nan gaba zai kai ina."

Ta dawo gida ta ciro tef ɗin awo daga gwangwanin zare da allura. Daga ranar, duk sanda ruwa ya janye, sai ta auna shatin da ya bari a bangon tsakar gida, ta rubuta a wani littafi mai bango kore. Lauya kuwa ba ta yarda a auna bango a bar ta ba. "Ni ma." Sai a jingina ta da bangon a auna ta. Da damina ta wuce ma ba ta yarda an daina ba, don haka ɗaya ga kowane wata ake awo, a rubuta wa ruwa sifili, a rubuta wa Lauya nata. Littafin ya zama layi uku: kwanan wata, ruwa, Lauya. Damina uku ke nan.

Duk wannan Maman Lauya ta zuba a rubutunta na farko. Yaya ta karanta, ta ƙirga "'yata" sau goma sha ɗaya, ta riƙe haɓa.

"Wannan neman gurbi ne ko wasiƙa ga kakarta? Jami'a ba ta san 'ya ba. Al'umma ta sani."

Ta ba kwamfuta umarni, duk inda aka ce "'yata" ya koma "al'umma". Aiki ne na daƙiƙa biyu, ki koye shi. Sakin layi na biyu ya fito kamar haka: "Sha'awata ga wannan fanni ta fara ne ranar da na tarar da al'umma tsaye a kan bokiti da takalmi ƙafa ɗaya."

"Yaya, wannan bai yi wani iri ba?"

"Adabi ne. Farfesoshi na son adabi."

Mataki na uku: Roƙi malamanki su manta da ke

Wasiƙun shaida biyu ake so. Malami na farko ba zai tuna ki ba, wannan alheri ne. Zai buɗe tsohuwar wasiƙar da yake ba kowa, ya canza suna, ya ce ke mai ladabi ce da zuwa aji a kan lokaci. Ki dai duba ya mayar da "shi" zuwa "ita".

Matsalar tana wurin wanda ya tuna ki. Maman Lauya ta samu tsohon malaminta na lissafin sauyi, wato lissafin yadda abu ke ƙaruwa ko raguwa da tafiyar lokaci, a wani ofis da takardu suka cinye kujerun baƙi. Yana ganinta ya ajiye biro.

"Ke ce mai cikin nan. Kin rubuta jarrabawar ƙarshe a karkace don teburin bai ɗauke ki ba, muka ajiye mota a ƙofar zaure ko za a buƙata, kika fi kowa maki. Shekara biyar ina ba ɗalibai labarinki in sun ce mini kansu na ciwo. Me aka samu?"

"Mace, Malam."

"Madalla. Da wannan zan buɗe wasiƙar."

"Malam, don Allah a bar wannan wurin."

Ya dube ta. "In na cire shi, me ya rage? Sauran ai yana cikin takardar sakamakonki."

"Haka nake so, Malam."

Wasiƙar ta fito layi uku. Ta ce mai ɗauke da ita ta yi karatu a sashen, ta ci jarrabawa, kuma ba a san ta da wani laifi ba. Kada wannan ya dame ki. Gajeriyar wasiƙa alamar girmamawa ce ga lokacin kwamiti.

Mataki na huɗu: Cike giɓin shekara biyar da manyan kalmomi

Kafin a ɗauke ki, ana so ki zo da abu uku a hannu: lissafin sauyi, ƙididdiga, da iya rubuta wa kwamfuta umarni. Maman Lauya na da biyun farko, sai dai sun yi shekara biyar a ƙasan akwati tare da rigunan da suka daina shigarta. Na ukun kuwa zango ɗaya ta taɓa yi, a kwamfutar da mutum huɗu ke rabawa.

A wurin da fom ya tambayi abin da kika yi tun gama digiri, kada ki rubuta wanki. Rubuta "bincike mai zaman kansa kan tafiyar ruwa a ƙananan ma'ajiyai". Ba ƙarya ba ce. Bahon wankan Lauya yana da 'yar huda a gindi, kuma da shi uwar ta farfaɗo da lissafinta: famfo na zuba kaza a minti, huda na zubar da kaza, yarinya ta shiga ta ture kaza, yaushe zai cika? Ta yi lissafin a bayan kwalin sabulu, ta ce minti shida. Ya cika a minti huɗu, saboda Lauya ta toshe hudar da babban yatsan ƙafa. Wannan shi ne darasin farko na fannin gaba ɗaya, kuma wasu sai sun kai zango na uku suke gane shi.

Kwamfuta kuwa ta shagon Baban Lauya ce, wadda yake duba zanen wayoyin firiji da ita. Da hantsi, in yarinya na makaranta, uwar ta zauna tsakanin matattun firiji biyu tana koyon umarni, kwamfuta na mayar mata da jan rubutu.

"Ni ma za a ɓoye ni?" in ji shi, kansa na cikin wani firiji.

"Kai ba a tambaye ka a fom ba."

"To na gode Allah." Ya fito da kai, ya goge hannu da tsumma. "Maman Lauya, yarinyar nan fa tana jin komai. Jiya ina kai ta makaranta take tambayata, in ta koma gidan maƙwabta, za a bar ta ta tafi da filonta?"

Maman Lauya ta kalli jan rubutun, ba ta ga ko harafi ɗaya ba.

"Na ɗan lokaci ne. Ana gama ganawa shi ke nan."

"Ke kika san ɗan lokaci. Ita ba ta da agogo."

Miji irin wannan cikas ne ga tsari. Ki ba shi wani abu ya gyara.

Mataki na biyar: Tsabtace hujja

Samfurin aiki shi ne inda ake gane mai yi da mai faɗa. Wasu kan kwaso alƙaluma daga intanet su yi musu kwalliya. Maman Lauya na da abin da ya fi wannan, littafi mai bango kore, awo sittin da ɗaya, kowanne da hannunta. Aibinsa ɗaya: a saman layi na uku na kowane shafi an rubuta "Lauya".

Ta sayi farin ruwan goge rubutu, ta bi shafi bakwai tana shafe sunan, tana hurawa ya bushe. Niyyarta in ta kai wa Yaya ta ce mata a buga layi biyun farko kawai, a bar na ukun. Amma ranar ce ranar rufe karɓar takardu, shagon cike da ɗalibai kowa na cewa nasa ne na gaggawa, kuma aka kira daga makarantar su Lauya cewa ta ƙi shiga aji sai an faɗa mata wanda zai zo ɗaukarta. Maman Lauya ta ajiye littafin ta fita da gudu.

Yaya kuwa ƙa'idarta ɗaya ce tun da ta buɗe shago: abin da ta gani shi take bugawa. Ta ga layi uku, na ukun ba suna. Ta san farfesoshi ba sa son abu ba suna, sai ta raɗa masa "Wurin awo na biyu". Don kyautatawa ma ta zana jadawali mai launi, shuɗin layi na wurin awo na ɗaya, jan layi na na biyu. Ta sa a ambulan, ta liƙe, ta kai wa akawu da kanta saura minti goma a rufe taga.

Kada ki taɓa buɗe ambulan da yaya ta liƙe. Rashin yarda ne, kuma za ki ji labarinsa har jikokinki.

Mataki na shida: Horar da yarinyar

Ranar ganawa Baban Lauya na da firijin wani asibiti a hannu, makaranta kuma na hutu. Dole aka taho da ita. Aka zaunar da ita a bencin baranda kusa da Yaya, aka ba ta biskit da takardar zane.

"Yau ke 'yar Anti ce. In na shiga ɗakin can, ba kira, ba leƙe. Kin ji?"

"Har yaushe?"

"Har in fito."

"In kin fito fa, sai in koma taki?"

Maman Lauya ta gyara mata wuyan riga wanda ba abin da ya same shi. Aka kira lambarta.

Mataki na bakwai: A gaban kwamiti, kare alƙalumanki

Mutum biyu ne a bayan tebur. Farfesa, tsoho mai farin gashi da ke magana kamar ana cajinsa kuɗin kowace kalma, da wata Dakta mai jan biro wadda ta riga ta yi wa takardun Maman Lauya zane-zane.

Farkon ya tafi lafiya. Suka tambaye ta tanki mai huda, ta amsa kamar tana tsaye a kan baho. Suka tambaye ta umarnin kwamfuta, ta yi tuntuɓe biyu ta tashi. Dakta ta ce wasiƙar malaminta ita ce mafi gajarta da ta taɓa gani, Maman Lauya ta ce shi mutum ne marar son surutu.

Sai Farfesa ya juyo da wata takarda ya tura gabanta. Shuɗin layi na hawa da sauka kamar haƙoran zarto. A samansa, can sama, jan layi na tafiya a natse.

"Wurin awo na ɗaya na gane shi," in ji Farfesa. "Aiki ne mai kyau. Damina ta farko santimita ashirin da huɗu, ta biyu arba'in da biyu, ta uku sittin da ɗaya. Da rani sifili. Haka ruwa yake. Na biyun ne ya hana ni cin abincin rana. Ya fara daga tamanin da takwas. Da rani, kina da sifili a nan, can kina da kusan mita guda. Ba ya sauka. Shekara arba'in ina wannan aiki ban ga ruwan da ba ya sauka ba. Rijiya ce?"

Maman Lauya ta dubi jan layin. Ta san shi. Ta san inda ya ɗan tsaya wata uku, lokacin da aka yi fama da tari.

"Ba rijiya ba ce, ranka ya daɗe."

"Tanki ne mai yoyo daga sama?"

"A'a."

A nan, 'yar uwa, tsarin ya tanadar miki ƙofofi da yawa. Ki ce madatsa ce. Ki ce kuskuren mai bugawa ne, Yaya na waje, ba za ta ji ba. Maman Lauya ta buɗe baki za ta bi ɗaya daga ciki, sai Dakta ta ɗora jan bironta a kan wani ɗigo.

"Ni wannan ne ya dame ni. Ɗaya ga watan uku na bara, tsakiyar rani, ya yi tsalle santimita huɗu. Wata na gaba ya dawo inda yake. Ba ruwan sama, ba komai. Awo ɗaya tak da ya fita daga layi. Me ya faru ranar?"

Mutum na iya yi wa fom ƙarya. Fom ba ya kallon ka. Amma wannan awo ne da ta yi da hannunta, ta kuma tuna ranar sarai, har da jayayyar da aka yi a kansa.

"Ɗage ta yi, ranki ya daɗe."

"Wa?"

"Wurin awo na biyu. Ta ga 'yar maƙwabta ta fi ta tsawo, ta tsaya a kan yatsu. Na ce ta sauke dunduniya ta ƙi. Na rubuta abin da tef ya nuna, na sa alama a gefe. Alamar ce ba a buga ba."

Fanka na juyawa a sama. Dakta ta koma shafin bayanin manufa, ta bi layi da biro, ta tsaya.

"Wato ita ce al'ummar da ta hau bokiti."

"Ita ce."

"Shekararta nawa?"

"Biyar. Tana waje."

Farfesa bai yi dariya ba. Ya jawo fom ɗin ya buɗe shafi na uku. "Kin rubuta babu."

"Na rubuta, ranka ya daɗe. An ce mini ba kwa ɗaukar masu yara."

"Wa ya ce?"

"An ce."

"Wannan mutumin ya daɗe yana yi mana aiki ba albashi," in ji Dakta.

Farfesa ya sake duban jadawalin. "Me ya sa bango ɗaya, littafi ɗaya?"

Maman Lauya ta matso da takardar. Yanzu an zo wurin da ta sani. "Da farko rigimarta ce kawai. Daga baya na ga abin da nake aunawa. Bara ruwan ya wuce gwiwarta. Bana ya kai ƙugunta. Ita tana ƙara bakwai a shekara, shi yana ƙara kusan ashirin. Na sa rula na ja layukan biyu, sun haɗu kafin ta cika goma. Kuma gida goma sha huɗu ne a layinmu, akwai waɗanda ba su kai ta tsawo ba. Na san ba a hasashen ruwa da rula, ranka ya daɗe. Injiniya ma ba zai karɓa ba. Abin da ake yi da shi nake so a koya mini."

Farfesa ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Malama, ba ma ba da gurbi don tausayi. Yaranki kuma ba su shafe mu ba, ko goma ne. Abin da ya shafe mu ga shi. Kin goge sunan layi a littafin awo. Kin bar ni kwana biyu ina neman wane irin ruwa ne wannan, har na kira wani abokina a waya. A fannin nan ana yafe kuskuren lissafi kullum. Goge suna daga kan alƙaluma ba a yafe shi sau biyu."

"Ba zan sake ba."

"Kafin ƙarshen mako ki kawo littafin kansa. Ki kankare farin abin nan, sunan ya fito a kowane shafi, da alamar ɗagen. Ki sake bayanin manufa, ki sauko da al'umma daga kan bokiti. Ki koma wurin malaminki ya rubuta wasiƙar da ya so rubutawa. In mun ɗauke ki, da sharaɗi ne: kwas ɗin share fage na kwamfuta, zango guda, don abin da kika yi ɗazu abin tausayi ne. Aikin fili mako shida, ba ragi ko na kwana ɗaya. Wa zai riƙe wurin awo na biyu?"

"Babanta. Da yayata, wadda ta buga jadawalin."

"Ya dace da ita," in ji Dakta. Ta rufe biro. "Kada ki daina awon. Duka biyun."

Da Maman Lauya ta fito, Lauya na tsaye a kan benci, biskit ɗin na hannunta ba ta ci ba. Akawun nan mai tabarau na wucewa da tarin fayil.

"Mama, kin fito. Yanzu ni 'yar wa ce?"

Ta ɗauke ta, duk da ta yi nauyin ɗauka, ta juya wajen akawun. "Malam, wannan 'yata ce. Santimita ɗari da takwas."

"Ai na gani tun ranar," in ji shi bai tsaya ba. "Maƙwabta ba sa ba da goshi."

Yaya ta miƙe tana kakkaɓe zani. "Kin gani ko, Auta? Jadawalina ne ya yi aiki. Na ce miki suna son launi."

"Sun yaba ƙwarai, Yaya. Har sun ba ki mako shida da Lauya."

Wasiƙar ɗauka ta zo bayan wata guda, da sharuɗɗanta a jere. Lambatun yana nan yadda yake, kuma zai kai aƙalla damina biyu kafin a samu lissafin da injiniya zai karɓa. Kafin nan, Baban Lauya ya ɗaura wani tsohon murfin firiji a ƙasan ƙofa, an kuma kafa doka: hadari na haɗuwa, kowane yaro a layin ya shiga ɗaki ya hau gado.

Gargaɗi

Wannan jagora ba ta ɗauki alhakin komai ba. In kin bi matakan nan aka ƙi ɗaukar ki, ki nemi "an" ki kai masa ƙara. In kin bi su aka ɗauke ki, ki bincika da kyau, wataƙila wani wuri kika kauce musu. Ba ruwan jagorar da wasiƙa mai layi uku, ko yayar da ta daina gaishe ki a mako na huɗu, ko farfesan da zai kira ki Maman Wurin Awo har ki gama.

Amma ke mai karatu, abu biyu ba wasa a cikinsu. Kada ki ce wa yaro shi na wani ne, ko na minti goma, don Lauya ta yi wata biyu tana kwana rungume da filonta ko za a zo tafiya da ita. Sannan in an yi ruwa gobe, fita ki dubi shatin da ya bari a bangonki, ki dubi gwiwar ƙaramin yaron gidan. In shatin ya fi gwiwar, ajiye fom ɗin, ki fara ɗauke yaron.